Sanin Asali Kafin Reshe: Nasiha ga 'Ya'yanmu na Garwa

Ya ku 'ya'yana, samari da 'yan matan Garwa da kewayenta, tun daga Hausare da Fulɓere har zuwa Pitowa da Gashiga da ƙauyukan da ke bakin Binuwai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tsawon rai ya ba ni damar in zauna in ga yadda al'amuran mutane suke farawa da yadda suke ƙarewa, na kuwa lura cewa yawancin asarar da matasa ke tafkawa, ta dukiya ce ko ta lokaci ko ta mutunci, ba lalaci ke jawo ta ba, domin ku mutane ne masu ƙwazo, masu tashi tun da asuba. Daga wuri guda take ɓullowa, watau mutum ya ɗora rayuwarsa a kan wata magana, alhali bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa a kan me ita maganar take tsaye ba. Wani ya ji an ce sana'a kaza ce ke kawo kuɗi, sai ya sayar da gonar gado ya faɗa ciki; wani kuma don ya yi 'yan shekaru a makarantar boko, sai ya ɗauki duk abin da ya tarar a gidan ubansa duhun kai ne, ya yi watsi da shi. Mai hange daga nesa zai zaci waɗannan biyu kishiyoyin juna ne, amma ciwonsu ɗaya, gama na farko ya karɓa ba da hujja ba, na biyu kuwa ya yar ba da hujja ba.

Maganin wannan ciwo ba baƙo ba ne a zaurukanmu, ko da yake waɗanda suka kai ajin ƙarshe na lise a cikinku sun fi saninsa ta bakin Dekart, Bafaranshen nan da ya rubuta littafinsa a kan hanyar tunani a 1637, ya ƙudura cewa ba zai karɓi komai ba sai abin da ya bayyana masa sarai. Shekaru fiye da ɗari biyar kafin shi, Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya ba da labarin yadda ya zauna ya auna duk abin da ya gada na sani, yana neman wanda shakka ba ta shigarsa. Duk kuma wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami ya ɗauki Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, mutumin Tilimsan wanda ya rasu a 1490, ya san cewa kafin a shiga zancen siffofin Ubangiji sai an fara rabe hukuncin hankali gida uku: akwai wajibi, abin da hankali ba ya iya sawwara rashinsa, akwai mustahili, abin da hankali ba ya iya sawwara samuwarsa, akwai kuma ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. A wajen sharhi malamai kan ƙara bambance wannan da hukuncin shari'a, wanda nassi ke tabbatarwa, da hukuncin al'ada, wanda ake sani ta yawan maimaituwa, kamar ƙunar wuta da ƙoshin abinci. Almajirai da yawa sun haddace wannan rabo suka bar shi a cikin gafaka, alhali kuwa ma'auni ne da ya kamata a fita da shi kasuwa da gona, domin mafi yawan abin da ke ɗaure mutane ja'izi ne wanda sabo ya ɗaukaka har ya zama kamar wajibi a idonsu, mafi yawan abin da suke cewa ba ya yiwuwa kuwa abu ne da dai ba su taɓa ganin an yi ba.

Bari in kai ku gona, domin a can maganar ta fi fitowa fili. Kowane yaro ya tashi da sanin cewa dawa abar damina ce, ruwa ya sauka a yi shuka, ya ɗauke a yi girbi, kuma da za a tambayi wanda bai taɓa zuwa ƙasarmu ba ko ana iya noman dawa da rani ba tare da ban-ruwa ba, da ya rantse cewa wannan mustahili ne. Amma manoman ƙasar Barno da na bakin Tafkin Cadi, waɗanda daga wurinsu noman masakwa, watau dawar rani, ya bazu zuwa ƙasar Marwa da kwarin Binuwai, sun dubi al'amarin tun daga tushensa. Sun gane cewa abin da dawa ke bukata shi ne danshi a saiwarta, ruwan sama kuwa hanya ɗaya ce kurum daga cikin hanyoyin da danshin ke zuwa. Suka kuma lura cewa baƙar ƙasar nan mai yumɓu da Fulani ke kira karal, wadda ke riƙe ƙafar mutum da damina har noma ya gagara, takan sha ruwa ta adana shi a cikinta watanni bayan sama ta ɗauke. A kan waɗannan abubuwa biyu aka gina sana'a sukutum. Ana yafa iri a ɗan fili wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ana tayar da 'yan kunyoyi a karal don su tare ruwa ya nutse maimakon ya gangare, in ruwan ya janye sai a sassabe ciyawa a ƙone ta. Sa'an nan wajen Oktoba sai ka ga magidanci a gaba da ƙatuwar sanda mai tsini, yana ɗaga ta da hannu biyu yana soka ƙasa, na bayansa yana tsiyaya ɗan ruwa a ramin, wani kuma yana saka dashe bibbiyu waɗanda aka rage wa ganye da saiwa, rana tana dukan kowa, gumi yana tsiyaya. Daga ranar nan dawar ba za ta ƙara dogara da ɗigon ruwan sama ba. Ƙasa za ta tsattsage, hunturu ya busa ya wuce, ita kuwa tana nan kore shar tana bin danshi ƙasa da saiwarta, har a yanke ta wajen Fabrairu, a cika rumbu da nau'o'inta, safrari da majeri, a daidai lokacin da hatsin damina ya fara ja baya.

Waɗanda suka fara wannan aiki ba su bar mana littafi ba, sunayensu ma ba a riƙe ba, amma ni a ganina abin da suka yi nazari ne cikakke, irin wanda malaman usulu za su yi na'am da shi, domin sun ware illa, watau ainihin sababi, daga abin da ya saba raka ta. Amfaninsa kuwa ya ƙara bayyana da auduga ta shigo da ƙarfi a shekarun 1950, har aka kafa kamfanin SODECOTON a 1974 da hedkwatarsa a nan Garwa, domin auduga ta cinye gonakin damina da hannayen damina, masakwa kuwa ba ta yi takara da ita ba, ta jira lokacinta ta ciyar da gidaje.

Amma fa ku riƙe ɗaya gefen maganar, gama malaman fiƙihu sun ce hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, in ta samu ya samu, in ta gushe ya gushe. Da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, bayan aikin shekaru biyar da taimakon ƙasar Sin, an samu wutar lantarki da kifi da shinkafar rani, wannan alheri ne da ba mai musunsa. Sai dai ambaliyar da takan jiƙa fadamun da ke ƙasa da madatsar kowace shekara ta ragu, noman masakwa kuwa ya ja baya a wurare da dama na kwarin nan. Manomin da ya san cewa danshi ne asalin sana'arsa ya gane da wuri abin da ya faru, ya nemi mafita. Wanda kuwa iyakar saninsa shi ne haka ubansa ke yi a wannan fili, ya sha wahalar dashe yana jiran abin da sababinsa ya riga ya tafi. Haka tashar jiragen ruwa ta Garwa. Iyayenku sun ga lokacin da jirage ke haurowa daga bakin teku a Nijeriya, su biyo Kwara su shigo Binuwai a 'yan watannin tsakiyar damina, su sauke gishiri da siminti da mai, su ɗauki auduga da gyaɗa, gari ya cika da leburori da 'yan kamasho da masu abinci, har mutum ya zaci wannan harka ba ta da ranar ƙarewa. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya tare hanya, jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974 kaya suka koma bin dogo da kwalta, sai tashar ta yi tsit. Ku ma kun ga irin wannan da idonku, domin man fetur na zuwa-zuwa da ake jerawa a kwalabe a bakin titi, wanda dubban samari suka dogara da shi, araharsa a da tana tsaye ne a kan tallafin da gwamnatin Nijeriya ke biya a lokacin, ranar da aka janye tallafin a watan Mayun 2023 kuwa farashi ya yi tashin gwauron zabo tun daga Yola har Marwa. Ko albashin gwamnati, wanda ake gani kamar dutse ne, an zabtare shi sau biyu a ƙasar nan a 1993, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi.

Ban kawo waɗannan don in karya muku gwiwa ba, domin arziki na Allah ne, kuma ba a fasa noma don tsoron fari. Abin da nake roƙonka, ya ɗana, shi ne duk sana'ar da za ka shiga ka zauna tukuna ka tambaya: mene ne ke riƙe da ita? Bukatar mutane ce wadda ba ta gushewa, kamar ci da sha da sutura da magani da gini, ko kuwa wata doka ce ko wani bambancin farashi tsakanin ƙasa da ƙasa, wanda sa hannun mutum ɗaya ke iya shafewa cikin dare? In na biyun ne, ba laifi ka ci rabonka matuƙar halal ne, amma ka ci kana sane, kana tanadi, kana koyon wani abu da hannunka, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda na fi jin tausayin matasa shi ne wajen masu alkawarin ninka kuɗi, waɗanda a da suke zuwa da layu da hayaƙi, yanzu kuwa suke zuwa ta wayar hannu da tufafi masu tsabta da kalmomin Turanci. Tsarin nan da aka sani da MMM, wanda ya ci dukiyar jama'a da yawa a Nijeriya kafin ya rufe asusun mutane a Disambar 2016, alkawarinsa shi ne kashi 30 cikin ɗari kowane wata, irinsa kuwa ba su daina ɓullowa da sababbin sunaye ba har a ƙasar nan. Ba ka bukatar malami ko boka don ka gane ƙarshen wannan, alƙalami da takarda sun isa. Jaka ɗari, watau sefa 100,000, in tana ƙaruwa da kashi 30 cikin ɗari duk wata ana haɗawa da uwar kuɗi, cikin shekara ɗaya za ta haura 2,300,000, cikin shekara biyu kuwa ta haura miliyan 54. To, wace gona, wane shago, wace mota ce ke haifar wannan? Wanda kuma ya mallaki irin wannan hanya, me zai sa ya bi ka yana roƙon 'yar jakarka? Riba ba ta da inda take fitowa sai daga wani abu da aka noma, ko aka ƙera, ko aka ɗauko daga inda yake da araha aka kai inda ake bukatarsa, ko wata hidima da aka yi wa mutum ya biya. In ka nemi ɗaya daga cikin waɗannan ka rasa, to, kuɗin na baya ne ake ba na gaba, ranar da na baya suka ƙare kuwa asiri ya tonu. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, sun kuma ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Wannan alƙalami da takarda su ne kuma nake so ɗan acaɓa ya riƙe, domin abin da ya ƙirga da daddare ba duka ne nasa ba. Akwai rabon mai, akwai na makanike da taya, akwai na ranar da babur zai tsufa a bukaci sabo, wanda kuwa ya cinye waɗannan duka da sunan riba zai wayi gari ba babur ba jari.

Labari ma haka yake, yana da asalin da ake auna shi da shi. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya tarar manyan masu tarihi, har da Mas'udi, sun ruwaito cewa rundunar Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa ta kai mayaƙa 600,000. Girman masu ruwayar bai hana shi aunawa ba: ya duba cewa daular Farisa, wadda ta fi su faɗi da ƙarfi nesa ba kusa ba, ba ta tara kusa da haka ba a yaƙin Ƙadisiyya; ya duba cewa runduna mai wannan yawa in ta yi sahu sai ta wuce inda ido ke kaiwa; ya duba kuma ƙarancin kakannin da ke tsakanin Annabi Musa da Annabi Yaƙubu, ya ga zuriya ba ta yaɗuwa haka a cikin ɗan wannan tsakani. Ku kwatanta wannan da abin da ya faru a watan Agustan 2014, lokacin fargabar cutar Ebola, da saƙo ya zaga wayoyi cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane suka tashi iyalansu da tsakar dare, har aka samu waɗanda suka rasa rayukansu a Nijeriya saboda yawan gishirin. Kowa ya aika wa ɗan'uwansa ne don ƙauna, amma ƙauna ba ta mayar da ƙarya gaskiya. Kafin ka tura saƙo gaba, ka tambaya wa ya faɗa, shi kuma a ina ya gani, kuma abin ya dace da yadda Allah ya tsara al'amura su gudana ko kuwa.

Ke kuma 'yata, kada ki zaci wannan zance na maza ne da kasuwanninsu. Dubi al'amarin aure, wanda ya zama nauyi har samari suna tsufa a gidan iyaye, iyaye kuma suna shiga bashin da ba su fita sai bayan shekaru. Abin da shari'a ta tsayar, kamar yadda yake a Risala, shi ne waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai, mafi ƙarancin sadaki kuwa a mazhabar Imamu Malik rubu'in dinari ne. Lefe da gara da kayan ɗaki da yawan akwatuna duk al'ada ce. Amma ba na ce ki raina al'adar ba, sai dai ki nemi dalilinta. Kakanninki da suka jera tasoshi da kwanuka a ɗakin amarya suna da manufa, domin kayan nan mallakarta ne ita kaɗai, taskarta ce da za ta iya sayarwa ranar da ciwo ko fari ko rabuwa ya zo. Idan kin gane cewa manufar ita ce mace ta shiga gidan miji da abin da za ta jingina da shi, sai ki iya tambaya ko kujerun da aka ciwo bashi aka saya don idon 'yan kallo suna cika wannan manufa, ko kuwa keken ɗinki, ko tunkiya biyu, ko ƙarasa karatunki sun fi cika ta. Wannan magana ce da za ki iya yi da mahaifiyarki cikin ladabi, kuma sau da yawa za ki tarar ita ma nauyin ya dame ta, kunyar mutane ce kurum ta hana ta faɗa.

Ga masu karatu, na allo da na boko, bambancin wanda ya haddace amsa da wanda ya san dalilinta kamar bambancin mai randa ne da mai rijiya: dukansu suna shan ruwa yau, amma ɗaya nasa ƙarewa yake yi. Ku dubi ilmin gado. Mace ta rasu ba ta bar ɗa ba, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma suna da kashi biyu cikin uku, in aka mayar da mas'alar kan shida sai miji ya nemi uku su nemi huɗu, jimla bakwai, dukiya ta kasa. Irin wannan ta taso a zamanin Sayyidina Umar, ba kuwa wanda ya haddace amsarta domin ba a taɓa yi ba. Sahabbai suka koma ga asali, suka kwatanta ta da mutumin da bashin da ke kansa ya fi dukiyarsa, inda kowane mai bin bashi ke ɗaukar ragi gwargwadon haƙƙinsa. Sai aka raba dukiyar bakwai, abin da malamai ke kira auli. In sefa 700,000 ce, miji ya ɗauki 300,000, kowace 'yar'uwa 200,000. Ɗalibin da ya fahimci dalilin nan zai warware mas'alar da bai taɓa gani ba, haka kuma ɗan makarantar da ya san abin da ya sa ƙa'idar lissafi ta zama haka ba ya firgita in an juya masa tambaya ranar jarrabawa.

Yanzu kuma sai in ja muku kunne a kan wani rami da ke bakin wannan hanya, wanda masu kaifin basira suka fi faɗawa. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an yi wasu ɗalibai da suka ɗanɗani ilmin tauhidi, sai suka riƙa tare talakawa da tambayoyi, wanda ya kasa kawo dalili irin na littafi su ce imaninsa bai inganta ba, har su kafirta shi. Shehu, wanda ya fi su sanin dalilan, shi ne ya tashi ya yi ta rubuce-rubuce yana raddi a kansu yana kare imanin jama'a. Neman asali an yi shi ne don mutum ya gyara tafiyarsa, ranar da ya zama sandar dukan mutane kuwa ya tashi daga ilmi ya koma girman kai. Ka sani kuma ba kowane abu ne hankali ke da hurumin buɗewa ba; adadin raka'o'in salla da lokacin azumi asalinsu nassi ne, wanda ya kai ga nassi ingantacce ya kai ƙarshen bincikensa. Ba kuma kowane fanni ne mutum ɗaya zai gina da kansa tun daga tushe ba, domin rai gajere ne. In ciwo ya kama ka, aikin hankalinka shi ne ka tantance wa ya karanci jikin ɗan'adam, wa kuma yake sayar da ƙwayoyi a faranti cikin rana, sa'an nan ka bi na farkon. An ruwaito cewa Imamu Malik, duk da matsayinsa, yakan amsa tambayoyi da yawa da cewa bai sani ba, wannan kuwa yana daga cikin abin da ya sa aka amince da shi a inda ya ce ya sani. Karin maganar nan da ke cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba gaskiya ce, domin babba ya ga ƙarshen abubuwan da kai farkonsu kawai ka gani. Saboda haka in dattijo ya hana ka abu bai faɗi dalili ba, kada ka yanke cewa babu dalilin, ka nemi lokacin da ya sake, ka tambaye shi da murya ƙasa-ƙasa irin ta mai neman sani.

Mafi wuyar wannan aiki duka shi ne mutum ya juya tambayar ga zuciyarsa, abin da malaman tasawwufi ke kira muhasaba. Saurayi ya ƙudura sai ya bar gari, ko Duwala, ko Yawunde, ko ya bi ta Agadas ya ratsa hamada, in ka tambaye shi sai ya ce neman arziki. To, ya zauna shi kaɗai bayan sallar isha'i ya ci gaba da tambayar: arzikin don me? In jari yake nema, nawa ne, kuma kuɗin hanyar da zai kashe ba su kai jarin ba? In ilmi ne ko wata sana'a da babu ita a nan, to, tafiyar tana da asali, Allah ya kiyaye hanya. In kuwa ya tono ya tarar abin da ke ƙasa shi ne kunyar sa'o'insa da suka dawo da mota, to, ya sani wannan ciwo ba ya warkewa da nisa, domin duk inda ya sauka zai tarar da wanda ya fi shi. Haka fushi, haka hassada, haka son a sani; kowannensu in ka bi shi da tambaya har gindinsa, sau da yawa sai ka tarar abin da yake tsaye a kansa bai kai girman wutar da ya hura ba, sai zuciya ta yi sanyi, mutum ya samu sararin yin abin da ya kamata. Wanda ya saba da wannan ba ya saurin ruɗuwa in an yabe shi, ba ya saurin karaya in an zarge shi, domin ya san abin da aikinsa yake tsaye a kai, kuma irin wannan natsuwa ita ce mutane ke gani a fuskar wasu dattawa su kira ta hikima.

Saboda haka ina roƙonku, 'ya'yana, ku fara da abin da ke kusa da ku, tun masu amsawa suna raye. Akwai tsofaffi a unguwanninmu da suka yi dako a tashar jirgin ruwa, akwai waɗanda suka yi fatauci tsakanin Kano da Yola da Garwa kafin a shimfiɗa kwalta, akwai tsofaffin mata da suka san dalilin kowane abu da ake yi wa mai jego, wanda ke da amfani da wanda sabo ne kawai. Ku je ku gaishe su, ku zauna a ƙasa, ku tambaye su yadda ake yi, sa'an nan ku ƙara da tambayar me ya sa ake yi, ku rubuta abin da kuka ji, ku auna shi da abin da kuka karanta. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya buɗa muku ƙirji, ya nuna muku gaskiya ya ba ku ikon bin ta, ya yi muku albarka, amin.